Ƙishin Obiajulu

Ran sha biyu ga azumi, wajen ƙarfe goma na safe, ina ɗakin malamai ina fama da takardun 'yan aji uku, sai aka ce wata na sallama da ni. Na ce a ce mata ta dawo bayan salla. Duk wanda ya san zafin Kano a bazara, ga ƙishi, ga yara sittin sun kwafi amsa ɗaya har da kuskurenta, ba zai ga laifina ba. Kafin a kai saƙon ma ta leƙo da kanta.

"Baba Ja'afar, ina kwana?"

Doguwa ce, cikin fararen kayan ɗaliban aikin jinya na asibitin koyarwa. Na yi mata kallon rashin sani, sai da ta yi ɗan murmushin dole na ga wushiryar ubanta. Mmesoma ce, 'yar Obiajulu, wadda duk unguwa ke kira Soma saboda bakinmu ya kasa ɗaukar sunan. Rabona da ita shekara uku, daidai da rabona da ubanta. Nan take na ɗauka rasuwa ta zo gaya mini.

"Yana nan da ransa," in ji ta, tun kafin in tambaya. "Waƙa na kawo ka yi mini bayaninta."

Ta ciro wata takarda daga jaka, ta sha ninki har an lilliƙe ta da salatif. Ko ban buɗe ba na san ta. Waƙata ce.

Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a Tarauni, kuma ina taɓa rubuta waƙa. Ban ce na shahara ba, amma a Gyadi-Gyadi in za a yaye ɗalibai ko a buɗe sabon famfo, ƙofata ake ƙwanƙwasawa. Ban da wannan, ni ne sakataren kwamitin gasar ƙwallon azumi da muke yi duk shekara tsakanin Gyadi-Gyadi, Tarauni, Babban Giji, Ƙauyen Alu da Unguwa Uku. Gasar magidanta ce, masu tumbi da ciwon gwiwa. Bayan la'asar ake take wasa a filin firamare, minti ashirin-ashirin, a tashi kafin magariba, a shimfiɗa tabarmi a gefen fili a sha ruwa tare. Ni dai ban taɓa iya ƙwallo ba, in ka ba ni ita a bakin raga sai in aika ta gidan maƙwabta, shi ya sa aka ba ni biro.

Obiajulu kuwa golanmu ne na Gyadi-Gyadi. A Kano aka haife shi, yana da shagon kayan famfo a bakin titin Zariya. Hausarsa ta fi ta rabin ɗalibaina, in yana zagin masu tsaron bayansa har tsayawa ake a saurara. Kirista ne, ran Lahadi ba ka ganinsa sai ya taso daga coci. Gajere ne, ga gwame, amma in ya buɗe hannuwan nan sai ka rantse ragar ce ta tsuke. "Sha'iri" yake kirana, da wata irin murya da ba ka sanin yabo ne ko tsiya. Na yi abokai da yawa a duniya, amma shi kaɗai ne nake karanta wa waƙa ya ce mini ba ta yi ba, in kuma koma gida in gyara.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da na rubuta waƙar da Soma ta kawo, domin ranar buɗe gasa. Baiti ashirin da huɗu ce, a kan tausayi da haɗin kai a fagen wasa. Ta ɗora yatsa a farkonta, ta ce in karanta mata.

Idan ɗan'uwa ya faɗi a fili,
Ka ɗago shi tukuna, ƙwallo ta jira.

Ƙishin da ya kama wuyan abokinka,
Ka ɗauke shi naka, kada ka yi ƙara.

Riga guda ce, gumi ma guda ne,
Wanda ya raba mu shi ya yi asara.

"Na tsakiyan," ta ce. "Me yake nufi?"

Ka san halin malami. Nan take na gyara zama, na manta da batun rasuwa. Na shiga yi mata bayanin cewa ai wannan adon magana ne, ƙishi a nan yana tsaye ne a madadin kowace irin damuwa ta ɗan'uwa, kuma masana sun kasa irin wannan salo gida...

"Baba," ta katse ni. "Yau kwana goma sha biyu babana bai sha ruwa da rana ba."

Na ajiye takardar. Ta ja kujera ta zauna, ta ba ni labari tiryan-tiryan, ba kuka, irin yadda ake koya musu bayani a gaban likita.

Wata huɗu da suka wuce ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Wannan na sani, kowa ma ya sani. Matata Rukayya ta je dubiya har sau biyu, ni kullum ina cewa gobe. Abin da ban sani ba shi ne ciwon ya taɓa masa kai. Abin da ya faru jiya ba ya kwana a kansa, shekarun baya-bayan nan ma sun goge, amma na da can suna nan daram. Suna lallaɓawa a haka, yana shan magani, har ya fara takawa da sanda. Sai aka ga wata. Da asuba ya ji ƙarar tukwanen maƙwabta suna sahur, ya ce a ba shi ruwa da burodi. Gari na wayewa ya rufe baki. Ya ce yau akwai wasa. Washegari ma ya ce yau akwai wasa. An yi masa ƙarin ruwa ya fizge allurar da hannun damansa. Maganin safe da na rana duk ba ya sha sai ya ji kiran magariba, kuma a wannan zafin likita ya ce ƙodarsa ta fara gazawa.

"To meye haɗin wasa da ƙin shan ruwa?" na ce, har da ɗan tsawa. "Ubanki azumi yake yi?"

"Haka mamana ta riƙa tambayarsa kafin ta rasu," in ji Soma. "Tun shekarar da ka rubuta wannan, duk ranar da Gyadi-Gyadi ke da wasa ba ya ci ba ya sha, daga asuba har ku sha ruwa. Cewa yake shi ba azumi yake ba, Allahnsa ya sani. Ya ce ba zai tsaya a raga cikinsa fal da ruwa ba, mutum goma a gabansa maƙoshinsu a bushe. Wai taya ku ƙishi yake. Ya hana mu faɗa wa kowa."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

Shekara takwas muna zama da mutumin nan a kan tabarma ɗaya, ana kiran salla ya riga kowa kai hannu kan dabino, ya ɗaga ruwan ƙanƙara ya shanye leda biyu a tsaye. Mu kuwa muna yi masa dariya. "Obi mai buɗa-baki ba azumi!" Ni na raɗa masa wannan sunan, da bakina, ya kuma bi shi. Shi ma dariya yake yi, ya ce kunun Hajiyar Alhaji Inuwa, shugaban kwamiti kuma mai tsaron bayanmu, ne ya fi ƙarfinsa.

Baitin nan kuma, tsakanina da Allah, cikon gurbi ne. Ina neman kalmar da za ta dace da amsa-amon waƙar, a cikin a-daidaita-sahu, na samu "ƙara", na gina sauran a kanta kafin mu kai gadar Gyadi-Gyadi. Ko minti biyar ban yi a kansa ba. Na tuna ranar da na fara rera ta, Obi ya ja ni gefe yana riƙe da takardar, ya ce, "Sha'iri, ƙishin wani ta yaya ake ɗaukarsa?" Ni kuwa hankalina yana kan manyan baƙi da ke neman gaisawa da ni. Na ce, "Kai Obi, abin da ka ji shi ne. In abokinka na jin ƙishi kai ma ka ji." Na fizge hannuna na tafi karɓar yabo.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Azumi ya yi ta matsowa, ya bar damina ya shigo bazara, zafi ya ƙaru, zukata suka yi kusa. Shekara uku da suka wuce, a wasan kusa da na ƙarshe, Obi ya tare wa Unguwa Uku fenareti uku. Uku! Kocinsu, Mahmud, ya zo gaban teburina yana kumfar baki. "Ta yaya ba zai tare ba? Mutum ya cika tumbi da shinkafa da ruwan sanyi, mu muna ganin ƙwallo biyu-biyu!" 'Yan Ƙauyen Alu suka ce in haka ne su ma baɗi za su kawo mutum biyar marasa azumi. Kwamiti ya zauna a shagon shugabanmu, Alhaji Inuwa, aka ce a yi doka.

Na yi musu? Na yi, na minti biyu. Daga nan magana ta koma ta yadda za a tsara dokar, ni kuma in aka zo tsara magana mantawa nake da mutum. Ni na ce kada a rubuta Kirista, a rubuta "wanda ba ya azumi", ya fi taushi. Ni na ƙara "domin tabbatar da adalci". Har yaba mini aka yi. Aka ce tunda abokina ne, ni zan gaya masa. Na kasa zuwa shagonsa, na bari sai ranar wasan ƙarshe, ya riga ya sa safar hannu yana tsalle-tsalle a bakin raga, na je na karanta masa takardar a gaban mutane. Bai ce uffan ba. Ya cire safar ya miƙa wa Mubarak tela, wanda ke zaman jiransa a benci shekara da shekaru, ya fita ta ƙaramar ƙofa. Bai sake zuwa filin ba. Ni kuma kunya ta rikiɗe mini ta zama fushi, na riƙa cewa ai shi ya ɗauki abin da zafi, na daina bi ta gaban shagonsa.

"Ranar da ka karanta masa dokar nan ma bai sha ba," in ji Soma. "Ya dawo gida ya zauna har aka kira salla."

"To don me bai faɗa ba? Kalma ɗaya fa! Da ya ce shi ma ba ya sha, wallahi da na yaga takardar a wurin!"

"Na tambaye shi. Ya ce in ya faɗa ya zama roƙo. Kuma wai waƙar ta ce kada a yi ƙara."

Ta miƙe ta rataya jaka. "Ni ya ƙi jin maganata, fastonmu ya zo ya ƙi, likita ma haka. Kullum baitin nan yake karanta mana. Kai ka rubuta, Baba. Ka zo ka gaya masa ba haka kake nufi ba."

Ban ko nemi izinin shugaban makaranta ba. Muka tari a-daidaita zuwa Gyadi-Gyadi, rana tana dukan kwanon kamar da gayya. Duk hanya ina shirya abin da zan ce, ina kuma shirya fuskar da zan karɓi zagi da ita, don na san bakin Obi.

Gidan yana bayan shagon, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Na same shi a kujera kusa da taga, sanye da tsohuwar rigarsa ta gola, koriya, ta yi masa yawa yanzu. Ya rame ƙwarai. Leɓɓansa sun tsattsage sun yi fari, hannun hagu yana kwance a cinyarsa. A kan ɗan tebur ga kofin ruwa da ƙwayoyi uku a murfin kwalba. Na yi sallama.

Ya juyo. Rabin fuskarsa mai motsi ya washe gaba ɗaya.

"Sha'iri! Kai, shege, ka yi tumbi! Me ya fito da kai da rana tsaka? Ai sai bayan la'asar."

Maganar tana fita a ɗan karkace amma ana ji. Ya miƙo hannun dama ya kama nawa ya riƙe gam, yana girgizawa. Babu komai a idonsa sai murna. Ya manta. Takardar, da filin, da shekara ukun da ban leƙo shi ba, ciwo ya share su tas. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji, wani irin daɗi na rashin kunya. Na samu abokina ya dawo ba tare da na biya komai na laifina ba. Na zauna a gefen gado ina dariya, hawaye na zubo mini.

"Kukan me kake yi? Tsoron Unguwa Uku? Bar ni da su."

Soma ta yi mini ido daga bakin ƙofa. Na share fuska, na ɗauko takardar.

"Obi, batun waƙar nan na zo. Baiti na biyu. Ka yi masa gurguwar fahimta. Ƙishin da na ce, ba wai mutum ya ƙi shan ruwa ba. Adon magana ne, mu mawaƙa haka muke yi. Nufina ka tausaya wa ɗan'uwanka a zuciya, shi ke nan."

Ya kalle ni ta wutsiyar ido, irin kallon da yake wa mai shirin buga fenareti.

"Karanta na farkon."

Na karanta.

"To, wanda ya faɗi a fili, a zuciya ake ɗago shi?"

"A'a, wannan da hannu ne, amma..."

"Na farko da hannu, na biyu a zuciya. Waƙa ɗaya? Sha'iri, kai ka rubuta amma ba ka taɓa tsayawa a raga ba. Gola ne kaɗai ke ganin bayan kowa. Ina ganin Inuwa in ya dafa gwiwa, ina ganin yadda wuyansa ke motsi yana neman yawu babu. In na sha ruwa sai in daka masa tsawa in ce ya yi gudu. In ban sha ba na san iya inda ƙafarsa za ta kai, sai in fito in taimake shi. Wannan ne baitin. Shi ya fi kowanne kyau a waƙar, sauran duk surutu ne."

Shekara ashirin da shida ina koyar da nazarin waƙa, ban taɓa jin wanda ya buɗe baiti haka ba, kuma baitin da na ɗauka shara ne. Sai na sauya hanya.

"To ai ko mu Musulmi, mara lafiya an ɗauke masa. Allah da kansa ya yi rangwame."

"Wa ye mara lafiya?"

"Kai mana! Dubi hannunka."

Ya dubi hannun kamar na wani ne aka ajiye masa. "Wannan? Kwanciya na yi a kansa. Hannu ɗaya ma ya ishi 'yan Unguwa Uku."

"To an ɗage wasan yau," na ce, da bakin azumina. Allah ya yafe mini.

"Haka yarinyar nan ke cewa. Ƙarya kuke yi ku duka. Daga tagar nan nake jin usur."

Gaskiyarsa ne, filin bai fi taku ɗari uku ba, kuma gasar bana tana gudana. Raina ya ɓaci, irin ɓacin da ke zuwa mini in na ji tsoro. Na ɗauki kofin na kai masa baki, na ce, "Don girman Allah Obi ka sha, kashe kanka za ka yi a kan shirmen da na rubuta a cikin a-daidaita!" Ya kau da kai, ya datse leɓe, ruwan ya zuba a rigar. Ya ce in ba zan iya ganin mai ƙishi ba in koma ɗakin malamai in kunna fanka.

Soma ta yafito ni tsakar gida. Ta tsaya a inuwar tankin ruwa, ta yi ƙasa da murya.

"Tun jiya da yamma bai yi fitsari ba. Likita ya ce in aka ƙara kwana biyu a haka sai wankin ƙoda, kuma jikinsa ba zai ɗauka ba." Ta dube ni. "Akwai abu ɗaya da zai sa ya sha. In ya san ba ya cikin masu bugawa. Na gwada faɗa masa, ya ce ni wace ce a kwamiti. Kai ne sakatare."

Sai a lokacin na gane abin da ya kawo ta makaranta. Bayanin waƙa gwaji ne kawai, ta san ba lalle ya yi aiki ba.

"Haba Soma! Haba 'yata! Mutumin nan ya manta. Allah ya rufa mini asiri ya goge abin daga kansa, ke kuma ki ce in mayar masa? Kin ga yadda ya tarbe ni kuwa?"

"Na gani."

"To ba zan iya ba. A nemo Alhaji Inuwa, a nemo Mahmud, shi ya fara."

"Ba zai yarda da su ba. Kai ne ba ka taɓa yi masa ƙarya a kan gasa ba sai ta ɗazu." Ta matso kusa da ni. "Baba, wancan karon babu wanda ransa ke kai, ka faɗa. Yanzu ni nake roƙonka. Shi kaɗai ya rage mini."

Na so in yi mata faɗa. Yarinyar da na yi wa huɗubar zolaya ranar sunanta, yau ta ɗaure ni da magana ɗaya. Na ce ta sake cika kofin.

Na koma ɗakin. Wannan karon ban zauna ba, na tsaya a gabansa na haɗa hannu a baya, yadda nake tsayawa in zan yi sanarwa a fili. Ya lura, murmushin ya ragu.

"Obiajulu, kwamiti ne ya aiko ni."

"To?"

"An zauna an yi doka. Daga yau, wanda ba ya azumi ba zai buga gasar azumi ba. Domin tabbatar da adalci." Kalmomin suna nan a bakina, ko ɗaya ban manta ba. "Ba ka cikin masu bugawa yau."

Ya daɗe yana kallona. Na ga leɓɓan nan busassu sun motsa, na ce a raina, faɗa mana Obi, faɗa, ka ce kai ma ba ka sha, ka zage ni, ka tona mini asiri. Na san in ya faɗa komai ya lalace, amma wallahi na so ya faɗa. Ya haɗiye abinsa.

"Kai ma ka sa hannu?" ya tambaya a hankali.

"Ni na rubuta."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi taga.

"Wa zai tsaya?"

"Mubarak."

"Ka ce masa ya riƙa fitowa in an bugo kwana. Tsoron fitowa yake, yana maƙalewa a layi. Kuma kada ya yi wa Inuwa tsawa, gwiwarsa ce."

"Zan gaya masa."

Ya kai hannun dama wuyan rigar yana ƙoƙarin cire ta, ta maƙale a kafaɗar da ba ta motsi. Na matsa zan taimaka, ya ce, "Bari." Soma ce ta zo ta zare masa. Ya zauna daga shi sai singileti, ƙasusuwan ƙirjinsa a waje.

"Soma, ba ni ruwa."

Ta ba shi ƙwayoyin, ta riƙe masa kofin. Ya sha, rabi na shiga rabi na bin gefen bakin da ya mutu yana sauka a wuyansa. Ya shanye, ta ƙaro, ya sake shanyewa. Ina tsaye ina jin ƙarar maƙoshinsa. Abin da muka zo nema ke nan, an samu, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba. Da ya gama ya ce ta juya masa kujerar ta daina kallon taga. Na ce, "Obi, sai an jima." Ko juyowa bai yi ba.

Soma ta rako ni har bakin titi. Ta yi mini godiya, godiyar da ta fi mari ciwo. Na ɗaga hannu zan tsayar da a-daidaita, sai ta ce, "Baba."

Na juyo.

"Gobe zai manta. Ƙarfe tara yake shan maganin safe."

Na ce mata zan zo.

Yau ashirin da uku ga wata. Ƙodar ta farfaɗo, likita ya ce a ci gaba da duk abin da ake yi. Shugaban makaranta ya mayar mini da darasin farko zuwa bayan tara da rabi, bai tambaye ni dalili ba. Na gwada sauya kalmomin, na gwada tausasawa, ba ya sha sai na faɗe su yadda suke, har da cewa ni na rubuta. Kullum tara saura kwata nake isa, in tsaya a bakin ƙofa in daidaita numfashi, in yi sallama. Kullum kuma da murna yake tarbata.